Kifin gida da baƙon kifi: a yi tambaya kafin a zuba iri a tabki



Darasinmu na wannan karo a kan kifi yake. A garuruwa da yawa na jihohin Maradi, Damagaram da Tawa, tabki ya zama gona ta biyu. Da rani, in aikin gona ya ƙare, kifin tabki ne ke kawo mahaɗin miya da kuɗin kashewa. Shi ya sa kowane gari mai tabki yake son a zuba masa irin kifi. An yi haka a wurare kamar Tabalak da Ɗan Dutsi cikin jihar Tawa, mutane kuwa sun ga amfaninsa.

Amma zuba kifi a tabki dabam yake da shuka a gona. In ka shuka irin hatsin da gonarka ba ta karɓa ba, baɗi sai ka sake iri. Kifi kuwa, in ya shiga babban ruwa ya hayayyafa, ba mai iya tsince shi. Hausawa na cewa baƙo raɓa ne. Baƙon kifi dai ba ya bushewa da fitowar rana: in ya zo ya zauna ke nan, wani lokaci har ya kori masu gida. Cikin wannan darasi za mu ga yadda kifaye suke raba wurin zama da abinci, da abin da ke faruwa in baƙo ya shigo tsakaninsu, da abin da ya kamata gari ya yi kafin ya yarda a zuba masa iri.

1. Kowane kifi da unguwarsa

Wanda ya tsaya a gaɓa ruwa ɗaya yake gani. Masunci ya san tabki kamar gari yake, unguwa-unguwa. Akwai bakin ruwa mai ciyawa da bado, akwai tsakiya mai zurfi, akwai saman ruwa inda rana ke bugawa, akwai ƙasa mai laka. Kowane kifi yana da unguwar da yake kwana, da inda yake kiwo, da inda yake yin ƙwai.

Karfasa, wadda wasu ke ce wa gargaza, tana son ruwa mai ɗumi marar zurfi. Abincinta gansakuka da ƙananan tsirran nan da ke sa ruwa ya yi kore. Namiji yakan tona gurbi kamar ƙwarya a ƙasan ruwa kusa da gaɓa. Mace ta yi ƙwai a ciki, ta kwashe su cikin bakinta, ta riƙe har su ƙyanƙyashe. Kamar mako biyu take yi a haka, kusan ba ta cin kome.

Tarwaɗa ƴar ƙasan ruwa ce, da dare take kiwo, da gashin bakinta take lalube. Ba ta zaɓen abinci: ƙwari, tana, kwaɗi, ɗiyan kifi, mushe. Cikin kanta akwai wani abu mai kama da soso da take shaƙar iska da shi, shi ya sa take jimre wa ruwan da ya kusa ƙafewa. Tana yin ƙwai da farkon damina, lokacin da ruwa ya hau kan ciyawa.

Gaiwa ta fi kowa jimrewa. In tabki ya ƙafe sai ta nutsa cikin laka, ta lulluɓe kanta da yauƙi, ta yi watanni tana jiran ruwan sama.

Balli, wanda wasu ke ce wa bargi, yakan tace laka ya ci ƙananan halittu da ƴaƴan ciyawa. Da damina yakan share fili cikin ciyawar ruwa, ya yi sheƙa mai faɗin kamar metir 1, iyaye su tsaya gadin ɗiyansu.

Kurungu yana bin ƙasa yana tsintar ƙwari da dodon koɗi. Kawara tana yawo garke-garke a saman ruwa tana cafke abin da ya faɗo.

Giwan ruwa, wanda mutanen Yamai ke ce wa kapitan, shi ne zakin ruwa. Yana ƙarami ƙwari yake ci, in ya girma sai kifi. Yakan kai metir 2, nauyinsa ya kai kilo 200. Amma yana da rauni ɗaya: yana bukatar buɗaɗɗen ruwa mai iska da yawa a cikinsa. Kifi ma numfashi yake yi, da iskar da ta narke cikin ruwa. Ruwan da ya kwanta cikin ciyawa mai kauri iskarsa kaɗan ce, giwan ruwa ba ya iya daɗewa a ciki.

Ku dubi garken makiyayi. Raƙumi yana cin saman itace, akuya tana cin ƙananan rassa, saniya tana cin doguwar ciyawa, tumaki suna kalar gajeruwa. Daji ɗaya ya ishe su don bakinsu bai haɗu wuri ɗaya ba. Haka kifin gida yake. Tun kaka da kakanni suke tare a kogin Isa, da Komadugu, da tabkin Cadi. Ƙananan sun san maƙiyansu, sun san inda za su ɓuya. Giwan ruwa yana cin rabonsa, amma bai ƙarar da kowa ba.

2. Wane ne baƙon kifi?

Baƙon kifi shi ne wanda mutum ya ɗauko daga wani ruwa ya kai ruwan da babu irinsa a da. Iri biyu ne. Akwai wanda ya fito daga wata ƙasa mai nisa. Akwai kuma kifin ƙasarmu da aka ɗauko daga kogi aka zuba a tabkin da bai taɓa saninsa ba. Giwan ruwa ɗan gida ne a Gaya, amma a ƙaramin tabkin da tarwaɗa da gaiwa kaɗai suka sani, baƙo ne.

Ga hanyoyin da baƙo yake shigowa:

- a zuba shi da gangan don a ƙara yawan kamu;
- ya ɓuya cikin ɗiyan wani kifi da aka kawo, ba a tantance ba;
- ambaliya ta fasa ramin mai kiwon kifi, ta kwashe su zuwa gulbi;
- wani ya zo da ƴan kifi cikin bokiti, ya juye ragowar a tabki.

Ba kowane baƙo ne ke rayuwa ba. Da yawa mutuwa suke yi, ruwan bai karɓe su ba. Amma wanda ruwa ya karɓa yakan yaɗu da sauri, don ya baro maƙiyansa a gida. Tarwaɗarmu ta Afirka ma ta yi haka a ƙasashen waje: an kai ta Indiya don kiwo, ta kuɓuce cikin koguna tana cin kifinsu, har gwamnatin ƙasar ta hana kiwonta.

3. Hanyoyi huɗu da baƙo yake danne ɗan gida

Ta farko: abinci. In baƙo da ɗan gida abinci ɗaya suke ci, wanda ya fi saurin girma, ya kuma fi rashin zaɓe, shi ke ƙoshi. Ɗayan ya rame, ƙwansa ya ragu.

Ta biyu: wurin haihuwa. Bakin ruwan da ya dace da yin gurbi ba shi da yawa. In baƙo ya fi ƙarfi sai ya kama wuri mai kyau, ya tura ɗan gida inda tsuntsu da manyan kifi za su cinye masa ɗiya. Shekara kaɗan, sai a ga tsofaffi kawai cikin koma, babu masu tasowa.

Ta uku: farauta. Baƙo mai cin kifi yakan tarar da ƙananan kifayen da ba su taɓa ganin irinsa ba, ba su san gudu ko ɓuya ba. Kamar kura ce ta shiga garken da babu kare.

Ta huɗu: ɓata ruwa. Akwai wani kifi na ƙasashen Asiya da Turai da Turawa ke kira karp. Kada ku haɗa shi da karfasarmu, ko da yake mutanen birni da suka yi lakkol sukan kira karfasa da wannan suna. Shi wannan tonon ƙasa yake yi da baki kamar alade, ya tuge ciyawa, ya dama ruwa ya zama taɓo. Rana ba ta ratsa ruwan, ciyawa ba ta fitowa, masu ƙwai cikin ciyawa su rasa wuri. A ƙasar Ostiraliya ya bi ambaliyar 1974 da 1975 ya cika manyan kogunansu. A wasu wurare ya kai kashi 80 cikin 100 na nauyin duk kifin da ke ruwan, kuma duk da arzikin ƙasar an kasa fitar da shi.

Ban da waɗannan huɗu, baƙo yakan zo da cuta ko tsutsar da ƴan gida ba su saba da ita ba. In kuma danginsu ɗaya, sukan yi barbara, irin gida ya narke cikin na baƙo.

4. Abin da giwan ruwa ya yi a tabkin Biktoriya

Yanzu bari mu yi tafiya zuwa gabashin Afirka, don a can ne kifin da muka sani ya zama baƙo. Tabkin Biktoriya shi ne mafi girma a Afirka. Ƙasashe uku suka raba shi: Yuganda, Kenya da Tanzaniya. Faɗinsa ya kai murabba'in kilometir 68.000, wato ya fi duk jihar Maradi da rabinta.

A da babu giwan ruwa a wannan tabki. Akwai wasu ƙananan kifaye dangin karfasa, yawancinsu ba su wuce tsawon tafin hannu ba. Mutanen Tanzaniya suna ce musu furu. Irinsu ya kai kamar 500, kuma kusan dukansu babu su ko'ina a duniya sai can. Kowane iri da sana'arsa: wani yana kankarar gansakuka a kan dutse, wani yana tace laka, wani yana fasa dodon koɗi, wani yana cin ƙwari. Matan bakin tabki sukan shanya su a rana, talaka ya saya da ƴan kuɗi kaɗan.

Turawan Ingila masu mulkin ƙasashen a lokacin suka ce furu ƙanana ne, ƙaya ta yi musu yawa, ba su da daraja a kasuwa. Suka ce a kawo babban kifi ya cinye su, ya mai da su nama mai tsada. Wasu masana sun yi gargaɗi, ba a saurare su ba. Daga shekarar 1954 aka fara sakin giwan ruwa cikin tabkin, aka ƙara a 1962 da 1963. An ɗauko wasu daga tabkin Albat da ke yamma da Yuganda.

Fiye da shekara 20 ba a ga wani canji ba. Jefi-jefi ake kama giwan ruwa. Mutane suka ɗauka lafiya lau. Ku riƙe wannan da kyau: shirun baƙo ba shaida ba ne cewa ba zai yi ɓarna ba.

Da aka shiga shekarun 1980 sai ya ɓarke. Binciken da aka yi wajen 1970 ya nuna furu su ne kamar kashi 80 cikin 100 na nauyin kifin ƙasan tabkin. Kafin 1990 sun kusa ɓacewa daga buɗaɗɗen ruwa. Masana sun ƙiyasta iri kamar 200 sun ɓace.

Laifin ba na giwan ruwa shi kaɗai ba ne. Jama'a sun ƙaru a bakin tabki, an sare dazuzzuka, ruwan sama yana wanko ƙasar gonaki da dattin birane yana zubawa ciki. Ruwan ya yi kauri da kore, ga shi masu cin gansakuka da laka sun ragu. Abin da ya mutu ya nutsa ya ruɓe, ya shanye iskar ƙasan tabki. Furu suka rasa mafaka a ƙasa, ga maƙiyi a sama.

An sami riba, wannan gaskiya ne. Kamun kifi a tabkin ya tashi daga kamar ton 100.000 a shekara wajen 1979 zuwa kamar ton 500.000 bayan shekara 10. An gina masana'antu a birane kamar Mwanza da Kisumu, ana yanka tsokar giwan ruwa ana kai wa Turai. Dubban mutane sun sami aiki.

Amma ku dubi ɗaya gefen. Kama giwan ruwa sai da babban jirgi da raga mai ƙarfi, mai ƙaramin kwalekwale ya koma yaron wani. Tsoka ta tafi waje, talakan bakin ruwa ya koma sayen kai da ƙashi. Giwan ruwa yana da mai, ba ya shanyuwa a rana kamar furu, sai an banda shi, banda kuwa sai da itace, aka ƙara faɗa wa daji da sara. Mu da muka san tsadar itacen wuta mun san abin da wannan yake nufi.

5. Karfasa da ngege: faɗan da ba a ji ƙararsa ba

A wannan tabki akwai wani labari da ya fi kusa da mu. Mutanen wurin suna da karfasarsu ta gida mai suna ngege, ita ce kifin da suka fi so. Tun 1905 aka kawo musu ragar zamani, aka yi ta kama ngege ba hutu, ana rage idon raga shekara bayan shekara, har ta yi ƙaranci. Don a cike gurbi, a farkon shekarun 1950 aka zuba iri huɗu na baƙuwar karfasa. Ɗaya daga ciki ita ce irin tamu ta kogin Isa.

Karfasa ba ta farautar kifi kamar giwan ruwa. Amma tamu ta fi ngege girma, ta fi ta saurin tasowa, kuma ba ta zaɓen abinci. Ngege ta dogara ga wasu ƙananan tsirran ruwa, da ruwan ya gurɓace sai suka ragu. Baƙuwar kuwa duk abin da ta samu ci take. Ga kuma ƙwace wurin gurbi da wurin renon ɗiya a bakin gaɓa. Yau karfasar da ake kamawa a Biktoriya kusan duk baƙuwar ce. Ngege ta kusa ɓacewa ƙaf daga babban tabkin.

Abu biyu za mu koya. Baƙo ba sai yana da haƙora yake kisa ba, cin abinci ɗaya da kwana wuri ɗaya ya isa. Na biyu, masunta ne suka fara raunana ngege da kamun wuce gona da iri. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga.

6. Inda ƴan gida suka tsira

Ba duka suka halaka ba, kuma inda suka tsira akwai darasi. Furu masu zama cikin duwatsu sun fi tsira, don giwan ruwa ba ya iya bin su cikin tsaga. Waɗanda suka shige fadama mai kaurin ciyawa su ma sun tsira, don ruwan wurin iskarsa kaɗan ce. A Kenya akwai wani ƙaramin tabki mai suna Kanyaboli, fadama ce ta raba shi da Biktoriya. Giwan ruwa ya kasa ratsa fadamar, a can ngege ta sami mafaka. Daga shekarun 1990 kuma, da aka matsa wa giwan ruwa da kamu, wasu irin furu suka fara dawowa.

Wato ciyawar bakin ruwa ita ce ganuwar ƙananan kifi. Burgu da bado da itacen da ya faɗa ruwa, duk gidaje ne. Wanda ya share bakin tabki tas don jan taru ya rushe unguwar ɗiyan kifi.

7. Mu fa a nan?

Tabkunanmu ƙanana ne, abin da ya ɗauki shekara 20 a Biktoriya zai iya faruwa a nan cikin damina biyu ko uku. Ga matsaloli uku da ake gani.

In an zuba karfasa ita kaɗai a rufaffen tabki, takan yi ta haihuwa har abinci ya kasa. Sai a sami kifi da yawa, amma duk ƙanana, sun tsumbure, ba mai saye. Manomi ya san wannan: hatsin da ba a yi wa cira ba ba ya yin zangarniya mai kyau.

In an zuba giwan ruwa da yawa, shekara ta farko da ta biyu ana murna da manyan kifi. Amma kafin giwan ruwa ya ƙara kilo 1 sai ya ci kilo da yawa na ƙananan kifi. In ya gama da su sai ya koma kan ɗiyansa, daga baya tabki ya zama fayau. Mai farauta kaɗan yana da amfani, yana yi wa karfasa cira. Sanin adadin da tabki zai ɗauka shi ne aikin gwani.

Ta uku, kiwon tarwaɗa a rami da tanki ya yaɗu, ana sayo ɗiya daga masu ƙyanƙyasa. Wasu ɗiyan haɗin tarwaɗa da ramboshi ne, wasu kuma an kawo iyayensu daga nesa. Cikin rami dukiya ne. In suka kuɓuce, da tarwaɗar gida za su yi takarar abinci. Ruwa kuwa bai san iyaka ba. Gulbin Maradi daga ƙasar Katsina ya taso, ya ratso ta Madarumfa da Maradi, ya sake komawa Najeriya. Abin da ya kuɓuce a sama, na ƙasa ne zai gan shi.

8. Abin da ya kamata gari ya yi

1. Ku san tabkinku. Yana ƙafewa ko yana kai wa baɗi? Metir nawa ne zurfinsa a watan Afrilu da Mayu? Da damina yana haɗuwa da gulbi ko da wani tabki? Tabkin da ke ƙafewa, kuskure yana mutuwa tare da ruwan. Wanda ba ya ƙafewa, kuskure ya zama gado.

2. Ku lissafa kifin da ke ciki. Ku zauna da sarkin ruwa da tsofaffin masunta da mata masu suya da banda, a faɗi sunan kowane kifi, da wanda ake gani a da amma yanzu babu.

3. Kada mutum ɗaya ya yanke shawara. Tabki na gari ne: masunta, masu lambu, makiyaya da masu ɗibar ruwa duk suna da haƙƙi. A yi taro gaban maigari.

4. Ku nemi malaman ruwa da daji kafin a zuba kome. Ku yi musu tambaya huɗu: Mene ne sunan kifin? Daga wane ruwa aka ɗauko shi? Me yake ci? In ya yi ɓarna, yaya za a fitar da shi? In ba a amsa ta huɗun ba, a dakata.

5. Ku fi son iri daga ruwa mafi kusa da ku, irin da aka riga aka sani a yankinku.

6. A tantance ɗiya kafin a saki. A juye su cikin baho a duba da rana. Wanda ba a gane ba, ko mai ƙuraje da miki, kada ya shiga tabki.

7. In za a sa mai farauta, a bari karfasa ta kafu tukuna, a sa kaɗan, bisa shawarar malamai.

8. Mai ramin kiwo ya haƙa shi nesa da hanyar ambaliya, ya ɗaga gaɓarsa, ya sa raga mai ƙananan ido a bakin magudana. Ragowar ɗiya ba a juye su a gulbi.

9. A bar wani sashe na bakin tabki da ciyawarsa, a yi masa alama da turaku, kada a ja taru a wurin.

10. A huta da su lokacin da kifi ke ƙwai, da farkon damina. A bar kamu da gidan sauro, don yana kwashe ɗiya. Kamu da guba ko maganin ƙwari kuwa doka ta hana, yana kashe kifi, yana cutar da mutum da dabba.

9. Littafin tabki

Ku da kuka fito daga ajin yaƙi da jahilci, ga aikin da ya dace da ku. Ku sami littafi ɗaya na gari. Ku ja layi huɗu: rana, sunan kifi, guda nawa, tsawon mafi girma. Sau ɗaya a mako, ranar kasuwa, ku ƙidaya kamun masunta biyu ko uku ku rubuta. Ga misali: in bara cikin kifi 100 akwai kurungu 20, bana kuma sai 5, ga wani sabon kifi yana ƙaruwa, to ruwa ba ya tsami banza. Ku kai wa malaman ruwa da daji littafin tun da wuri, a ƙara kama baƙon tun bai fi ƙarfinku ba. In masunci ya kamo kifin da ba wanda ya san sunansa, kada ya mai da shi ruwa. A sa masa gishiri a adana, a nuna wa malamai.

In ka ga gemun ɗan'uwanka ya kama wuta, shafa wa naka ruwa. Mutanen Biktoriya ba su da hanyar komawa baya. Garin da bai riga ya zuba iri ba yana da sauran zaɓi a hannunsa.

Tambayoyin tattaunawa a dandali

1. Kifi iri nawa ne a tabkinku? A wace unguwar ruwa kowanne yake zama?
2. Akwai kifin da iyayenku suka sani amma yanzu ba a ganinsa? Me kuke tsammani ya kore shi?
3. An taɓa zuba iri a tabkinku? Wace shekara, wane iri, daga ina?
4. Ta yaya karfasa ta kori ngege, alhali ba ta cin kifi?
5. Wane sashe na bakin tabkinku za ku bar wa ɗiyan kifi, wa zai yi gadinsa?

Ku rubuta amsoshinku, ku ba malamin gona na yankinku ya aiko mana. Za mu karanta su cikin shirin manoma. Allah ya ba mu damina mai albarka.